Tsirrai dangin wake a maganin gargajiyar Tibet: ina gaskiya, ina talla?

Shin da gaske ne akwai wasu tsirrai a kan duwatsun Tibet da ke wanke ƙoda, su gyara huhu, su kori ciwon gaɓɓai da cutar fata, kuma ba su da illa ko ƙanƙani tunda ganye ne? Tambayar ba daga sama ta faɗo ba. Duk mai leƙa Facebook ko TikTok, ko wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi, ya taɓa cin karo da tallar shayi ko ƙwaya da aka ce sirrin mutanen Himalaya ne, da hoton dutse mai ƙanƙara a jikin kwalin.

Kwanakin baya gwaggona ta turo min hoton irin wannan kwali, ta bi shi da saƙon murya: "Ɗan nan, duba min wannan. An ce daga Tibet yake, ganye ne zalla, kuma har hawan jini yana saukarwa." Na faɗaɗa hoton na karanta sunayen Latin da ke bayansa. Uku daga ciki dangin wake ne. Ɗaya tafasa ce, wadda ke cike bayan gidanta duk damina. Ɗaya hulba. Na ukun kuwa saiwa ce da likitoci suka daɗe da sanin tana tayar da hawan jini, ba saukarwa ba.

Wannan ba ya nufin maganin Tibet ƙarya ne. Tsohon ilimi ne mai littattafai da makarantu da ƙa'idoji. Abin da ake sayar mana da sunansa ne yawanci ya rabu da ƙa'idojin nan.

Su wane ne dangin wake?

Masana tsirrai suna kiran wannan dangi Fabaceae. Yana da nau'i kusan 19,500, shi ne na uku a girma cikin tsirrai masu fure. Alamarsa mafi sauƙin ganewa ita ce kwanso mai 'ya'ya a jere. Bahaushe ya san su sarai ko da bai taɓa tara su wuri guda ba: wake, gyaɗa, gurjiya da waken suya a gona, tsamiya, ɗorawa, gawo, bagaruwa, kalgo, taura, maje da madobiya a daji, tafasa, rai-ɗore da filasko a gefen hanya.

Da yawa daga cikinsu suna da ƙananan ƙulu-ƙulu a jikin saiwa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Shi ya sa gonar da aka yi wake bara take yi wa gero kyau bana. Wannan wadata ta naitirojin tana da wani amfani ga tsiron: wasu 'yan dangin suna ƙera sinadarai masu ɗaci da kaifi da shi, don kare kansu daga ƙwari da dabbobi. Waɗannan sinadarai su ne ake nema a matsayin magani, su ne kuma dafin. Bambancin yana ga yawan da aka sha da yadda aka sarrafa.

Yadda likitan Tibet ke kallon cuta

Mutanen Tibet suna kiran likitancinsu Sowa Rigpa, wato ilimin warkarwa. Ginshiƙinsa littafi ne mai suna Gyushi, mai babi 156, wanda ya samu siffarsa ta yanzu a ƙarni na 12 a hannun Yuthok Yonten Gonpo ƙarami. A 1696 aka kafa makarantar likitanci ta Chagpori a birnin Lhasa, a 1916 aka buɗe cibiyar Men-Tsee-Khang, sannan 'yan gudun hijirar Tibet suka sake kafa irinta a Dharamsala ta Indiya a 1961. Ban da Tibet, ana aiki da wannan ilimi a Butan, Nepal, Mongoliya da yankin Ladakh na Indiya. Likitan ana ce masa amchi ko menpa.

A wurinsu lafiya ita ce daidaituwar abubuwa uku a jiki: lung, tripa da beken. Ana fassara su da iska, matsarmama da majina, amma fassarar takan ɓatar da mai karatu. Lung ba iskar bori ba ce, shi ne duk abin da ya shafi motsi, numfashi da kai-kawon tunani. Tripa shi ne zafin jiki da narkar da abinci. Beken shi ne danshi, sanyi da nauyin jiki. Daga nan sai kowace cuta ta faɗa ɗayan gida biyu, ta zafi ko ta sanyi. Wanda ya tashi yana jin tsofaffi na cewa "sanyi ne ya kama shi" ko "zafi ne ya yi mata yawa" ba zai ji wannan rabo baƙo a kunnensa ba.

Amchi yana ɗora yatsu uku a wuyan hannun majinyaci, dama da hagu, yana sauraron bugun jijiya. Yana karɓar fitsarin farko na safe a farin kwano, ya kaɗa shi da tsinke, ya duba launi, wari, girman kumfa da abin da ya kwanta a ƙasa. Sai ya yi tambayoyi kan abinci da barci. Magani kuma ana tantance shi ne da ɗanɗano shida: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, yaji da bauri. Mai ɗaci yana kwantar da zafi, mai yaji yana korar sanyi.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, da wuya amchi ya ba mutum tsiro ɗaya tak. Maganinsu haɗi ne, kuma sunan haɗin yakan zo da adadin abubuwan da ke ciki: Agar 35, Sengdeng 25, Pokar 10. Ƙananan ƙwayoyi ne masu launin ƙasa, ana murƙushe su a sha da ruwan ɗumi, sau da yawa na safe daban, na rana daban, na dare daban. Littafin nasu ya kuma gindaya sharuɗɗa bakwai kafin ganye ya cancanci zama magani. Cikinsu akwai wurin da ya tsiro, lokacin da aka cire shi, cire ɓangaren da ke da dafi, da yadda aka shanya shi. Ganyen da ake so don sanyaya jiki a gefen dutse mai inuwa ake neman sa, a inuwa kuma ake busar da shi. Wanda ya haura shekara a ajiye ana ɗaukar ƙarfinsa ya tafi.

Sarkin ganye da ke haukata doki

Tudun Tibet ya haura mita 4,000 a yawancin wurare. Sanyi, iska da zafin rana sun sa tsirran can gajeru ne, masu gashi, masu kwanciya a ƙasa. Cikin dangin wake da ke rayuwa a irin wannan wuri, wanda ya fi suna shi ne taksha. Ma'anar sunan ita ce naman damisa. A Latin Oxytropis ne, musamman nau'in falcata, wanda aka raɗa wa suna saboda kwansonsa ya lanƙwashe kamar lauje. Ɗan tsiro ne mai danƙo a hannu da wari mai ƙarfi, kuma ana yi masa kirari da sarkin ganyaye. Amchi suna amfani da shi wajen rauni, kumburi, tsayar da jini da cututtukan zafi masu yaɗuwa. A yau ma yana cikin man shafawa da filastar ciwon gaɓɓai da masana'antun ƙasar Sin ke yi bisa tsarin Tibet.

To amma tambayi makiyayi a lardin Qinghai ko Gansu game da 'yan wannan gida na Oxytropis, ka ji wani labarin. Idan ciyawa ta yi ƙaranci, tumaki, dawaki da yak, wato shanun nan masu dogon gashi, sukan koma cin su. Bayan 'yan makonni dabba ta fara tangaɗi kamar mashayi, ta rame, idonta ya dushe, mai ciki ta yi ɓari. A arewacin Sin akwai nau'in da makiyaya ke kira ciyawa mai sa doki maye. A yammacin Amurka masu kiwon shanu sun san dangin nan da sunan da ya samo asali daga kalmar Sifaniyanci mai nufin mahaukaci.

Sinadarin da ke wannan ɓarna sunansa swainsonine. A 1979 aka fara ware shi, a Ostireliya, daga wani tsiro ɗan dangin wake da ke kashe tumaki a can. Aikinsa shi ne toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke bi su narkar da wasu nau'o'in sukari, sai tarkacen ya taru a cikinsu, na ƙwaƙwalwa su fi jin jiki. Daga baya aka gano wani abin mamaki: ba tsiron ne ke yin dafin da kansa ba, wata irin fumfuna ce da ke zaune a cikin jikinsa, tana bin iri daga uwa zuwa ɗa. Saboda haka tsiro biyu masu kama ɗaya, a kwari ɗaya, ɗaya na iya cika da dafi ɗaya kuma kusan babu. Ido ba ya rarrabewa, hanci ma haka. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi dogon tunani kafin ya zuba garin taksha a ruwan zafi don an ce sarki ne.

Akwai wata matsalar, ta suna. Tibetawa suna da rukunin tsirrai da suke kira sema, suna rarraba su da launin fure: fari, baƙi, rawaya, shuɗi, ja. Wasu ana ba da su don kumburin ruwa a jiki da sa fitsari. Amma a ƙarƙashin wannan suna akwai nau'o'i da yawa na Astragalus, Hedysarum da Oxytropis, kuma abin da amchi na Ladakh ke cirewa ba lallai ya zama shi ne na amchin Qinghai ba. Mu ma mun san haka: sunan ganye ɗaya kan nufi abu daban a Sakkwato da Zariya. Malamin Tibet na ƙarni na 18, Deumar Tenzin Phuntsok, ya tattara bayanin magunguna sama da 2,000, har yau kuma masana na kai-kawo wajen daidaita bayanansa da sunayen kimiyya.

Sauran 'yan tudun ba sai an tsawaita ba. Dzomo, wani ƙaramin itace mai ƙaya daga jinsin Caragana, ana amfani da shi a cututtukan jini. Kyiwa, wato Sophora moorcroftiana da ke bin kwarin kogin Yarlung Tsangpo, 'ya'yansa masu ɗaci ne ake bayarwa don shawara da tsutsar ciki. Busuhang, ɗan uwan ciyawar alfalfa, na rauni ne da zafin huhu.

Maganin Tibet da ba ya tsirowa a Tibet

Nan ne tallar ta fi yin rauni. Kaso mai yawa na kayan haɗin amchi ba sa iya rayuwa a tudun ko kwana ɗaya. Tun ƙarnoni da suka wuce fatake ke hawa da su daga Indiya, Nepal da kudancin Sin a bayan alfadarai da yak, su sauko da gishiri da ulu. Tsirran ƙasa mai zafi ne, irin tamu.

Talka dorje shi ne irin tafasa. Tibetawa suna lissafa shi cikin magunguna uku na cutar chuser, wato ruwa rawaya, sunan da suke bai wa ruwan da suke ganin yana taruwa a gaɓɓai da ƙarƙashin fata ya haifar da ƙaiƙayi, ƙuraje da ciwon gwiwa. Yana cikin haɗin Pokar 10 da ake ba masu ciwon gaɓɓai. Mu ganyen muke ci, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli ko a sa a dambu, irin kuma 'yan kasuwa na sayensa buhu-buhu a fitar da shi Asiya. Ba abin mamaki ba ne mutum ya sayi shayin da ya tsallako teku, alhali irin da ke ciki a jejin ƙauyensu aka tsince shi.

Shumoza ita ce hulba. A wurinsu mai ɗumi ce, ana ba da ita ga gudawar sanyi da mugunya a huhu. Donga shi ne Cassia fistula, ɗan uwan marga, mai dogon kwanso kamar sanda, wanda naman cikinsa ke wanke ciki a hankali. Sengdeng a littattafai da yawa shi ne Acacia catechu, ɗan uwan bagaruwa, mai bauri, na cutar fata da jini. Marutse, irin bishiyar Butea, na tsutsa ne. Akwai kuma wani babban wake mai siffar ƙoda da suke kira khalma zhosha (khalma na nufin ƙoda), suke ba da shi ga ciwon ƙoda. A nan a fili yake cewa kamannin ne ya jawo amfanin, tunani irin na dā da ake samu a likitancin al'ummai da yawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro a jerin shi ne dagyu. Idon zakara ne, jan irin nan mai ɗigon baƙi da yara ke wasa da shi. A cikinsa akwai abrin, ɗaya daga cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani a tsirrai. Idan aka haɗiye shi da ɓawonsa yakan wuce bai fashe ba, amma idan aka tauna ko aka daka, ƙwaya kaɗan na iya kisa. Amchi ba ya sa shi a haɗi sai an sarrafa shi an kashe dafin, kuma kaɗan ake sawa. Wanda ya karanta a intanet cewa "Tibetawa na amfani da shi" ya je ya daka a turmi, ya ɗauki rabin magana ne.

Itacen zaƙi da hawan jini

Mu koma kan kwalin gwaggo. Abu na uku shi ne shingngar, wato itace mai zaƙi, wanda Larabawa ke kira irƙus-sus, suke kuma yin abin sha da shi a Masar da Sham musamman da azumi. A Tibet maganin huhu ne, na tari da maƙogwaro, yana kuma tausasa kaifin sauran abubuwan haɗi. Sinadarin da ke cikin saiwar ya ninka sukari zaƙi sau 30 zuwa 50.

Wannan sinadari yana hana ƙoda kashe ƙarfin wani sinadarin jiki mai suna kotisol. Sakamakon haka jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da potasiyam a fitsari. Jini ya hau, ƙafa ta kumbura, gaɓɓai su mutu, bugun zuciya ya rikice. Kwamitin masana abinci na Tarayyar Turai ya ba da shawara a 2003 kada a wuce miligiram 100 na sinadarin a rana. A 2020 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga labarin wani magini ɗan shekara 54 a jihar Massachusetts da zuciyarsa ta tsaya bayan ya yi makonni yana cin alewar wannan saiwa leda ɗaya da rabi kullum. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai juna biyu, da wanda ke shan ƙwayar sa fitsari su ne suka fi shiga haɗari.

A haɗin amchi shingngar ɗaya ne cikin goma ko ashirin, a ƙwayar da ba ta kai girman gurjiya ba. A shayin da ake sha kofi uku a rana wata da watanni, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Na kira gwaggo na ce mata: "Gwaggo, ki yi haƙuri ki ajiye shi tukuna, ki tafi da kwalin asibiti ranar awonki." Ta ce ai ta riga ta biya kuɗi. Na ce na sani.

Me kowane ɓangare ke cewa?

Masu goyon baya suna da hujja. Ilimi ne da aka rubuta, aka koyar, aka gwada a jikin mutane ɗaruruwan shekaru, kuma a ƙauyukan Himalaya inda asibiti ke da nisan kwanaki, amchi shi ne likitan da ake da shi. Indiya ta amince da Sowa Rigpa a hukumance a 2010. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wankan magani na Tibet, wanda ake kira lum, cikin jerin al'adun gado na duniya bisa buƙatar Sin. Sai dai a lura, wannan shaida ce ta darajar al'ada, ba ta cewa magani na warkarwa ba. Masu talla sukan cakuɗa biyun da gangan.

Masu shakka kuma suna cewa yawancin binciken da aka yi kan taksha da 'yan uwansa a kwalbar gwaji ne da jikin ɓeraye. An ga sinadaran da ke rage kumburi da zafi, gaskiya ne, amma tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya. Haɗin da aka fi gwadawa a jikin mutane shi ne Padma 28, wanda ake yi a Suwizalan bisa wani tsohon haɗin Tibet, kuma shingngar na cikinsa. An gwada shi ga masu toshewar jijiyoyin ƙafa da ke jin ciwo idan sun yi tafiya. Masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, da suka tattara gwaje-gwajen sun ga alamar ƙaruwar nisan tafiya cikin ɗan gajeren lokaci, suka kuma ce gwaje-gwajen ƙanana ne, ingancinsu bai kai a yanke hukunci ba. Idan wannan ne matsayin wanda aka fi bincika, sai a auna na shayin da ba a san ma wanda ya haɗa shi ba.

Akwai kuma batun da su kansu amchi ke kuka da shi. Da maganin ya zama masana'anta, buƙata ta fi ƙarfin daji. Tonon saiwar shingngar ya bar ramuka da ƙasa tsirara a busassun yankunan arewacin Sin, har gwamnati ta taƙaita tonon ta a 2000. Jan sandal, wanda Tibetawa ke kira tsenden marpo suke ba da shi ga zafin jini, shi ma ɗan dangin wake ne da ke tsirowa a tsaunukan Andhra Pradesh na Indiya, kuma tun 1995 yake ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Ɗan uwansa na jini shi ne madobiyarmu, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa Sin don yin kujeru, har ita ma ta shiga jeri ɗaya da jan sandal a yarjejeniyar a 2017. Idan abu ya yi tsada ya yi wuya, jabu kan cike gurbinsa, kuma garin itace ja duk kamarsu ɗaya.

Mai saye a nan fa?

Wanda ke Kano, Maraɗi ko Kumasi ba amchi ne zai duba shi ba. Babu mai taɓa jijiyarsa, babu mai tantance ko cutarsa ta zafi ce ko ta sanyi ko da a ma'aunin Tibetawan ne. Abin da ke isowa gare shi kwali ne, da sunan wuri mai nisa. A tsarin da maganin ya fito, bai wa mai cutar sanyi maganin sanyaya jiki kuskure ne babba, don haka shayi ɗaya da aka ce ya dace da kowa ya saɓa wa Gyushi kafin ma ya saɓa wa likitan asibiti.

A Najeriya, maganin gargajiya da aka shigo da shi ta hanyar da ta dace yana ɗauke da lambar NAFDAC. Amma lambar matakin farko shaida ce cewa an duba ba a ga abin cutarwa a samfurin da aka kai ba, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake tilasta wa masu irin wannan kaya su rubuta a jikin kwali cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin nasu ba. Rubutun yakan zo da ƙananan baƙaƙe, a can ƙasa, kusa da ranar lalacewa. A kwalin gwaggo na duba gaba da baya, babu lambar, babu rubutun, babu ma adireshin wanda ya yi shi.